SHIN YA DACE A FARA YARO DA TSOHUWAR MOTA?

A unguwarmu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya daɗe da ajiye aiki. A ƙofar gidansa, gindin wata darbejiya, akwai wata Peugeot 504, irin wadda kowa ke kira Fijo, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyinta sun sace, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Da rancen mota ya saye ta cikin 1981, sabuwa ful, kuma a cikinta aka raka shi filin jirgi shekarar da ya sauke farali. Kwanan baya autansa ya cika shekara 18, ya kuma sami shiga jami'a, sai dattijon ya ƙudura niyyar tayar da motar ya danƙa masa makulli. Da na je gaishe shi ya kawo mini maganar, na ce, "Baba, ba ka ganin ta tsufa da yawa?" Sai ya daki bayanta da tafin hannu, ya ce, "Kai yaro ne. Wannan ƙarfen da ne. Motocinku na yanzu gwangwani ne, mutum ya jingina da su sai su lotsa."

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Akwai gidaje da yawa na ma'aikata inda wata tsohuwar Fijo, ko Volkswagen, ko Marsandi, ke ajiye tana jiran ranar da yaro zai isa tuƙi. A cikin samari ma akwai masu sha'awar motocin da, a yi musu fenti, a goge, a fita da su ranar biki ana kallo. A Amurka kuwa, inda yawancin jihohi ke ba ɗan shekara 16 lasin tuƙi, wannan tsohuwar muhawara ce: uba ya sayo Ford Mustang ta shekarun 1960, su gyara ta tare da ɗansa, uwa kuwa tana gefe hankalinta a tashe. To, tun da maganar ta shafi ran yaro, ya kamata a auna ta a tsanake.

Da farko dai, wanda ya ƙaunaci Fijo 504 bai yi kuskure ba. Cikin 1968 aka fara fito da ita a Faransa, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar da ta fi kowace a Turai. Cikin 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita, tseren da ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. A wannan shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Fijo a masana'antar da ke Kakuri, Kaduna, a daidai lokacin da kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata. Tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe a lokacin, har ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan motar daga birnin Lyon zuwa Kano. Gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, 'yan tasha suka mai da doguwarta motar haya, manoma da 'yan kasuwa suka riƙe a-kori-kurarta. Turawa sun daina ƙera ƙaramar tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba har zuwa wajen 2006. Motar da ta yi shekara talatin ana harhaɗa ta a ƙasa ɗaya, lalle ta dace da hanyoyin ƙasar. Tana da tsayi daga ƙasa, tana shanye gargada, kuma injinta mai kusan lita 2 yana da haƙurin raƙumi.

Akwai kuma wani alheri nata wanda ya shafi yaro kai tsaye, watau ita mota ce da ake iya fahimta. Idan aka ɗaga bonet, kome a fili yake: ga kabareta, ga fulogi huɗu, ga kontak, ga lagireto, ga fanbel. Yaron da ya yi shekara guda da irin wannan mota zai san ƙarar inji mai lafiya da ta marar lafiya, zai san duba baƙin mai da ruwa kafin ya tashi, zai iya sauya taya ba tare da ya tsaya bakin titi yana ɗaga hannu ba. Motar zamani kuwa an rufe injinta da roba, in ta ƙi tashi sai an kira mai kwamfuta ya jona ya karanta. Ɗalibin da ke karatun injiniya zai ƙaru da tsohuwar Fijo fiye da yadda zai ƙaru da zane a allo. Ga giya ta hannu, wadda duk wanda ya ƙware da ita babu motar da za ta gagare shi. Haka kuma babu garin da za a rasa bakaniken da ya san ta. Waɗannan duka gaskiya ne, ban kuma raina ko ɗaya daga cikinsu ba.

Inda na saɓa da dattijon shi ne a kan maganar ƙarfe.

Mai karatu ya tuna da matan ƙauye masu kawo ƙwan zabi kasuwa. Ba su zuba shi tsura a cikin tukunyar ƙarfe, sai sun shimfiɗa ƙaiƙayi ko dusa. Da za a sa ƙwan a tukunyar ƙarfe ta faɗi, tukunyar ba za ta yi kome ba, amma ƙwai ɗaya ba zai tsira ba. Haka al'amarin yake ga mota. In mota tana tafiyar kilomita 60 a awa ta daki bishiya, ita ta tsaya, amma jikin direba bai tsaya ba, yana nan yana tafiyar kilomita 60 har sai wani abu ya tare shi. Wannan ƙarfi tilas ne ya sauka a kan wani abu. In gaban motar ya naɗe sannu a hankali kamar zugazugi, shi ya shanye ƙarfin. In kuwa bai naɗe ta hanyar da ta dace ba, sai ƙarfin ya wuce zuwa ɗakin fasinja, ya sauka a ƙirji da kai da gwiwa. Lotsawar da dattijon ke yi wa dariya, da gangan injiniyoyi suka tsara ta. Wani injiniyan kamfanin Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya fito da wannan dabara tun farkon shekarun 1950: gaba da baya su zama masu naɗewa, tsakiya inda mutane ke zaune ya zama kamar keji mai tauri.

An taɓa gwada wannan a bainar jama'a. Cikin 2009, cibiyar binciken haɗarin mota ta kamfanonin inshora a Amurka, wadda ake kira IIHS, ta cika shekara 50 da kafuwa. Sai ta ɗauko Chevrolet Bel Air ƙirar 1959, ƙatuwar mota mai ƙarfen da, ta haɗa ta gaba da gaba da Chevrolet Malibu ƙirar 2009, kowace tana gudun mil 40 a awa, watau kilomita 64, da mutum-mutumi a mazaunin direba. Gaban sabuwar ya ragargaje, amma ɗakin direbanta ya tsaya da siffarsa, abin da na'urori suka nuna kawai shi ne yiwuwar rauni a ƙafa. Tsohuwar kuwa ɗakinta ya rufta, gilashi ya fice, sitiyari ya taso ya sami mutum-mutumin a kai. Da mutum ne a ciki, da wuya a fito da shi da rai.

Adalci ne a ce Fijo 504 ba Bel Air ba ce. Ta zo bayanta da shekara tara, an kuma ƙera ta da ilmin da ya fi na 1959. Amma a lura, zanenta na 1968 ne, alhali kuwa shirin gwajin karo na Turai da ke ba motoci taurari, Euro NCAP, sai 1997 aka fara shi. Kusan shekara talatin ke nan tsakani, kuma a bayan wannan gwaji ne kamfanoni suka shiga gasar ƙarfafa ɗakin fasinja. Bugu da ƙari, ƙarfen da ya sha damina arba'in ba shi ne ƙarfen da ya fito daga Kakuri ba. Tsatsa daga ciki take ci, fenti na sama yana ƙyalli.

Sa'an nan ga abubuwan da babu su sam a tsohuwar mota. Bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi cikin 1959, yana rage haɗarin mutuwar mai zama gaba da kusan rabi. Fijo tana da shi a gaba, amma zaren da ya shekara arba'in yana shan rana ba abin dogara ba ne, a baya kuwa sau da yawa ba a samunsa. Jakar iska babu. Birkin ABS, wanda ke hana taya kafewa idan aka taka birki a firgice, cikin 1978 ya fara fitowa a manyan Marsandi, bai kuwa iso ga Fijon ma'aikata ba. Na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana ta fito cikin 1995, Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai daga 2014, domin bincike ya nuna tana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai, wanda ake rasa rai, da wajen rabi. Irin wannan haɗari, na sauka daga titi ko ƙundumbala, shi ne ya fi samun sababbin direbobi.

Nan ne gizo ke saƙa. Dattijon ya tuƙa Fijonsa shekaru da dama bai taɓa yin mummunan haɗari ba, saboda haka yake ganin motar ce ta tsare shi. Bayan kiyayewar Allah, hankalinsa ne ya tsare shi. Ya saye ta yana magidanci, da iyali a kujerar baya da bashin gwamnati a wuyansa. Wanda za a ba makulli yanzu ɗan shekara 18 ne, jini na tafasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda ake ajiye lissafi filla-filla, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai shekara 20 zuwa sama, in an auna da nisan tafiyar da kowa ya yi. Ba don ba su iya juya sitiyari ba ne. Yaro ya fi ubansa saurin hannu. Abin da bai samu ba tukuna shi ne idon da ke hango cewa ɗan acaɓan can zai yanko ba sigina, ko akuyar can uwarta tana ɗaya tsallaken. Wannan sai da shekaru. Ke nan wanda ya fi kowa kusa da yin kuskure, shi ake shirin bai wa motar da ta fi kowace rashin yafe kuskure.

Wasu kan ce ai tsohuwar mota ba ta gudu, saboda haka ta fi dacewa da yaro. Duk wanda ya taɓa shiga Fijo ta haya daga Kano zuwa Maiduguri a shekarun 1980 ya san amsar wannan. Lafiyayyar 504 tana haura kilomita 150 a awa. Gudu tana da shi, tsayawar ce sai a hankali. Mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki, kuma in an ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu.

Game da Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa suka laƙaba wa Ijapa, watau kunkuru, ita ma daga 1975 aka harhaɗa ta a Ojo, kan hanyar Ikko zuwa Badagiri, kuma ita ce motar farko ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da yawa. Fiye da miliyan 21 aka ƙera a duniya kafin a rufe ƙirarta a ƙasar Meziko cikin Yuli 2003. Ba ta da lagireto, iska ke sanyaya injinta, ga sauƙin gyara. Sai dai injin yana baya, abin da ke gaban gwiwar direba kuwa tankin fetur ne da safeya taya, gilashi kuma dab da fuska. Tsofaffin robobin fetur da ke bi ta kusa da inji mai zafi sun sha jawo mata gobara. Mota ce kyakkyawa ta zuwa ɗaurin aure, amma ni ba zan sa ɗana a cikinta ya hau hanyar da tireloli ke bi ba.

Saura maganar aljihu, wadda ita ce ainihin dalilin iyaye da yawa, ko da ba su faɗa ba. Motar tana nan a gida, ba sai an saya ba. Haka ne, amma araha ba ta ado. Daga ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Fijo mai kabareta tana shan wajen lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, in an saita ta da kyau ke nan. Ɗalibin da zai je Zariya daga Kaduna ya komo, tafiyar wajen kilomita 160, zai ƙona abin da ya kusa lita 20, alhali ƙaramar mota ta zamani ba za ta wuce kashi biyu cikin uku na wannan ba. Kayan gyara kuwa ana samunsu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, amma na asali ƙara wuya suke yi. Abin da ya yawaita shi ne na kwance daga matattun motoci, ko kwaikwayo wanda ba ya jure wata uku. Yaron da aka tura karatu kada ya koma ɗan zaman gareji, ranar jarrabawa yana neman masu tura masa mota.

Kada kuma a ɗauka cewa duk motar da ba ta tsufa ba lafiya lau take. A cikin 'yan Beljiyam da ake shigowa da su akwai waɗanda suka yi haɗari a can, jakar iskarsu ta fashe, aka ɗinke murfin sitiyarin ba a mayar da kome a ciki ba. Akwai waɗanda fitilar gargaɗin ABS ta kama, mai wayarin ya cire ƙwan don kada mai saye ya gani. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: in an murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun jakar iska da na ABS tilas su kama, sa'an nan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ra'ayina dai, uban da ke da halin zaɓi ya nema wa yaro ƙaramar mota ko matsakaiciya, mai ƙaramin inji, wadda aka ƙera a wannan ƙarni, mai jakar iska da ABS masu aiki, ko da fentinta ya koɗe, ko da abokansa za su yi masa dariya.

Wanda ba shi da wannan hali, ko wanda ya riga ya yanke shawara, to, ya fara gyara daga ƙasa, fenti ya zo ƙarshe. Mu kan yi akasin haka: a kai wa mai fenti da mai ɗinkin kujera, birki kuwa a ce yana ci. A ɗaga motar a rami a duba tsatsa, musamman ƙasan inda direba ke ajiye ƙafa da wuraren da shokazoba ke kama jiki. In sukurdireba ya huda ƙarfen, magana ta ƙare. A sauya bututun birki da robobinsa duka, a zubar da tsohon man birki, domin yana tsotsar ruwa daga iska, ruwan kuma ya tafasa in birki ya yi zafi, ƙafa ta nutse ba kome. A sauya robobin fetur, a wanke tanki, a bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, don ɓera ba ya raga wa motar da ta daɗe a ajiye. A sa sabon bel gaba da baya. Taya kuwa tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu ce a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida abar tuhuma ce ko da zanenta bai goge ba. In an tara kuɗin wannan aiki duka, sau da yawa sai a ga ya tasam ma kuɗin wata motar.

Doka ma tana da nata. A Nijeriya ba a ba da lasin sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun ran 1 ga Janairu 2003, ba ta kuwa keɓe tsofaffin motoci ba. Inshora ma wajibi ce. Sauran sharuɗɗan uba ne zai gindaya su da kansa, kamar yadda jihohin Amurka suka sa a dokokinsu na sababbin direbobi: a watannin farko ban da tuƙin dare, ban da cika mota da abokai. Na biyun nan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, gama yaron da ke tafiya a natse shi kaɗai, da zarar tsararsa huɗu sun shiga suna zuga shi, ya zama wani mutum dabam.

Na koma wurin dattijon bayan 'yan makonni, na tarar an yaye tamfol, an kori awaki, shi da autan nasa duk hannu baƙi ƙirin, sun kwance kabareta sun baje sassanta a kan tsohuwar jarida. Ashe bakanike ya zo ya duba, ya tarar ƙasan motar ta gefen direba ya cinye, ya faɗa masa gaskiya. Uwar yaron ma ta sa baki. Aka tsaya a kan cewa za a gyara ta, yaro ya koyi tuƙi da gyara a kanta, ya riƙa kai mahaifinsa masallacin Juma'a da gaishe-gaishe a cikin gari, shi Baban yana zaune a gefe. Makaranta kuwa a motar haya zai riƙa tafiya, har Allah ya hore wata. Na tambayi yaron ko ransa ya ɓaci, ya ce a'a, shi dai burinsa ya ji ta tashi. Dattijon ya miƙo masa sifana mai lamba 13, ya ce, "Auta, riƙe nan, kada ka ɗaure da ƙarfi, zaren ya tsufa."